Amsa ga ɗalibar famasi: ina ake samo takardun bincike, kuma wanne ake yarda da shi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ita ce kina shekarar ƙarshe a famasi, sufabaiza ya ba ki aikin bitar bincike a kan allurar artesunate ga yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kin shiga Google kin rubuta sunan maganin sai ga sakamako dubbai, kin rasa wanne za ki ɗauka wanne za ki bari, kuma rabi in kin danna sai su ce biya kuɗi. Toh wannan taken da aka ba ki sa'a kika yi, domin yana cikin waɗanda aka yi wa bincike mai kyau, da shi ɗin zan yi miki bayani.

Kafin ki taɓa kwamfuta ki ɗauki biro ki rubuta tambayarki a layi ɗaya. Yawancin ɗalibai nan suke ɓata, suna neman "komai a kan artesunate", kuma babu wanda ya taɓa karance komai a kan artesunate. Tambayar ta ƙunshi abu huɗu: su waye marasa lafiyar, wane magani, ana kwatanta shi da me, kuma me ake son gani a ƙarshe. Shi ne abin da ake kira PICO, ƙila an taɓa muku shi a aji. A naki zai zama: yara masu maleriya mai tsanani, allurar artesunate, idan aka kwatanta da kwinin, wanne ya fi rage mutuwa. Da kin rubuta haka kin riga kin yar da takardun da ke magana kan ACT, wato haɗin maganin maleriya na haɗiya, da na ɓeraye, da na masu auna ƙarfin ƙwayar a leb, duk ba naki ba ne.

Sannan ki bar Google na gama-gari ki tafi PubMed. Kyauta ne, ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ne ke riƙe da shi, akwai bayanan takardu sama da miliyan 35 a ciki. Da turanci za ki rubuta, ba makawa, misali artesunate AND quinine AND severe malaria AND children, kuma AND ɗin da manyan baƙi. AND yana matse sakamako, OR yana faɗaɗa shi, NOT kuma ki yi hankali da shi don yana iya jefar miki da takarda mai kyau saboda kawai ta ambaci kalmar sau ɗaya. A gefen hagu akwai wurin tacewa, ki zaɓi Randomized Controlled Trial (RCT, gwajin da ake raba marasa lafiya ta ƙuri'a) da Systematic Review (bitar da ta tattara binciken da aka yi kan tambaya ɗaya), za ki ga dubban nan sun dawo 'yan kaɗan da za ki iya bi ɗaya bayan ɗaya da yamma guda.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu 'yan famasi musamman, sunayen magani. PubMed yana da nasa ƙamus da ake kira MeSH, kuma sunayen Amurka yake bi. Paracetamol a can acetaminophen ne, salbutamol albuterol ne, adrenaline epinephrine. Yawanci in kin rubuta namu sunan shi da kansa yake haɗa miki da nasu, amma da zarar kin sa kalmar cikin alamar zance ko kin maƙala mata tauraro a ƙarshe to kin kashe wannan haɗin, sai ya nemo miki harafin da kika rubuta kawai, sai ki zo kina cewa babu bincike a kan abin alhali akwai ɗaruruwa. Ki saba shiga Advanced ki duba yadda ya fassara abin da kika rubuta. Kuma in kin samu takarda ɗaya mai kyau ki gangara ƙasa, akwai Similar articles da Cited by, sannan ki bi jerin manazartar da ke ƙarshen ita takardar, sau da yawa ta nan ake samun abin da binciken farko ya tsallake.

Bayan PubMed sai Cochrane Library, su aikinsu tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya su auna ingancin kowanne su haɗa sakamakon. A kan takenki akwai nasu na 2012 da ya kwatanta artesunate da kwinin, ki fara da shi ma in kina so, zai nuna miki sunayen manyan gwaje-gwajen ba sai kin wahala ba. Google Scholar yana da amfani wajen gano waye ya ambaci waye da kuma samo kwafin kyauta, amma shi ba ya tacewa, mujalla mai daraja da ta bogi gefe da gefe yake jera su. Binciken gida kuma, irin wanda aka yi a asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato, da yawa ba ya cikin PubMed, ki duba AJOL, nan ake tara mujallun Afirka. Embase ya fi kowa tara abin da ya shafi magunguna amma na kuɗi ne, sai in makarantarku ta biya.

Maganar biya kuma, kar ki cire ko sisi daga aljihunki don takarda ɗaya. Ki fara duba ko akwai ta a PubMed Central, kyauta ne gaba ɗaya. Ki sa Unpaywall a burauzarki, yana nuna miki in akwai halastaccen kwafi a wani wuri. Ki taka ki je laburare ki tambayi ma'aikacin ko makaranta tana da rajistar Hinari, shirin da WHO ta fara a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu karanta mujallun kuɗi kyauta ko da rahusa, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, wallahi ɗalibai da yawa har su gama ba su san akwai wannan fasiwod ɗin ba. In duk ya ƙi, a shafin farko na takardar akwai imel ɗin marubuci, ki tura masa layi biyu cikin ladabi, mutane suna jin daɗi a ce ana son karanta aikinsu kuma galibi suna turowa.

Toh yanzu kin samu takardun. Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan nake son ki tsaya da kyau.

Manyan gwaje-gwaje biyu za ki ci karo da su, duka a mujallar likitanci ta Lancet. Na farko SEAQUAMAT, 2005, an yi shi a Bangladesh da Indiya da Indonesiya da Myanmar, mutum 1,461, waɗanda aka ba artesunate kashi 15 cikin 100 suka rasu, na kwinin kashi 22. Sakamako mai ƙarfi. Amma ki duba su waye a ciki, mafi yawansu manya ne, yaran ba su fi ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma a Asiya. Yaron da aka kawo asibiti a Katsina yana suma ba irin babban mutumin Bangladesh ba ne, yadda cutar ke kama shi daban, yawan ƙarancin jini daban, saurin mutuwa daban, shi ya sa likitocin Afirka ba su yar da kwinin nan take ba, kuma suna da hujja. Sai da aka yi na biyu, AQUAMAT, aka buga a 2010: yara 5,425 'yan ƙasa da shekara 15, cibiyoyi 11 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, a Ilorin. Wannan shi ne ya amsa tambayarki kai tsaye. Don haka tambaya ta farko ga kowace takarda, a kan wa aka gwada, kuma sun yi kama da wanda zai tsaya gaban kantana?

Yanzu lambobin AQUAMAT. Cikin yara 2,712 da aka ba artesunate 230 suka rasu, kashi 8.5. Cikin 2,713 na kwinin 297 suka rasu, kashi 10.9. A taƙaitaccen bayanin da ke saman takardar za ki ga an ce an rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100, kuma gaskiya ne, amma ki gane me wannan lambar take nufi. Ba wai cikin kowane yara 100 an ceci 22 ba. Ki cire 8.5 daga 10.9, ya rage 2.4, wato cikin yara 100 da aka yi wa magani an samu ƙarin biyu da ɗan wani abu da suka rayu, in kika raba 100 da 2.4 za ki ga sai an ba yara wajen 41 artesunate maimakon kwinin kafin a ceci ƙarin rai ɗaya. Duka lambobin biyu daidai ne, ɗaya ragin da aka auna da adadin masu mutuwa ne, ɗaya kuma ainihin bambancin ne. A nan 41 lamba ce mai kyau ƙwarai tunda rai ake magana kuma yaran da ke kamuwa suna da ɗimbin yawa. Amma ranar da wakilin kamfani zai shigo kantinki da takarda mai sheƙi ya ce maganinsu yana rage kaza da kashi 50, ki tambaye shi daga nawa zuwa nawa. In daga 2 cikin 1,000 ne zuwa 1 cikin 1,000, shi ma kashi 50 ne, sai dai mutum dubu ne za su sha su biya kafin ɗaya ya amfana.

Kusa da wannan 22.5 ɗin za ki ga an rubuta 95% CI 8.1 zuwa 36.9, wato tazarar da ake ƙiyasin ainihin ragin yana ciki. Ɗalibai suna tsallake wannan su ruga wajen p, lambar da ake auna ko dace kawai zai iya kawo irin wannan bambancin, in sun ga ƙasa da 0.05 shikenan magani ya yi aiki. Ni na fi son ki kalli CI ɗin, shi ke gaya miki faɗin rashin tabbas, a nan ko a mafi ƙarancin ƙiyasi akwai ragi na kusan kashi 8, bai taɓa sifili ba. In da ya tashi daga ƙasa da sifili ya haura sama, to binciken bai iya bambance amfani da rashin amfani ba komai daɗin maganar da aka rubuta a ƙarshe. Kuma p ƙarami ba ya nufin amfanin babba ne, in mutanen suna da yawa sosai ko bambancin da bai kai a kula da shi ba sai ya ba da p mai kyau.

Sai yadda aka raba marasa lafiyar. Dalilin da ya sa ake fifita RCT shi ne ƙuri'a ce ke zaɓen wanda zai samu wane magani, ba likita ba. In aka bar wa likita, ko bai yi niyya ba zai iya tura yaran da suka fi jin jiki ɓangare ɗaya, sai maganin wancan ɓangaren ya fito kamar ya fi alhali yaransa ne dama ba su kai waɗancan galabaita ba. Ki buɗe tebur na farko na takardar, kusan kullum nan ake jera shekaru da nauyi da tsananin ciwo na ɓangarorin biyu, ki ga ko sun yi kama. Ki duba mutum nawa aka fara da su nawa aka ƙare da su, in kashi ɗaya cikin biyar sun ɓace a hanya ba a san inda suka shiga ba to akwai magana. AQUAMAT a buɗe aka yi shi, kowa ya san maganin da yaro ke samu, kuma ya kamata ki ambaci haka a rubutunki, amma tunda abin da ake ƙirgawa mutuwa ce, sanin likita ba zai canza ƙirgen sosai ba. Da a ce raɗaɗin ciwo ake aunawa ko "jin sauƙi", to rashin ɓoyewar sai ya zama babbar matsala.

Wannan ya kawo mu kan me aka auna. Za ki samu ƙananan takardu da yawa da ke cewa magani kaza ya fi saurin share ƙwayar cutar daga jini ko saukar da zazzaɓi. Yana da kyau, amma ba shi ne uwar yaron ta zo nema ba. Akwai darasin da duk mai harkar magani ya kamata ya sani, gwajin CAST a Amurka wanda aka fitar da rahotonsa na farko a 1989: encainide da flecainide suna gyara bugun zuciyar da ya rikice bayan ciwon zuciya, a na'urar ECG komai ya yi kyau, an daɗe ana rubuta su a kan wannan dalilin, da aka zo aka ƙirga sai aka ga masu shan su sun fi masu shan ƙwayar da ba magani a ciki mutuwa, dole aka tsayar da wannan ɓangaren gwajin. Lambar leb ta gyaru, majiyyaci ya tafi.

Kuma kar sunan mujalla ya rufe miki ido. A watan Mayun 2020 Lancet ɗin nan dai ta buga wata takarda da ta ce an duba marasa lafiyar korona sama da 96,000 a asibitoci 671, wai hydroxychloroquine yana ƙara mutuwa, har WHO ta dakatar da wannan ɓangaren a gwajinta. Bayanan daga wani ƙaramin kamfani ne mai suna Surgisphere. Masu karatu da ido biyu ne suka lura cewa adadin mamatan da aka ba Ostireliya ya zarce wanda gwamnatin ƙasar ta sanar, wasu kuma suka tambaya wane asibitocin Afirka ne ke da irin wannan cikakken rikodin na kwamfuta a lokacin, kamfanin ya ƙi buɗe bayanansa, ranar 4 ga Yuni aka janye takardar, mako biyu kacal. Amsar gaskiya a kan maganin daga gwajin RECOVERY na Birtaniya ta fito, mai ƙuri'a, wanda ya nuna ba ya rage mutuwar waɗanda aka kwantar. Saboda haka kafin ki kafa hujja da kowace takarda ki duba ko an janye ta, PubMed yana sa jan tambari a kai, akwai kuma Retraction Watch. Takardar Wakefield ta 1998 da ta danganta rigakafin MMR (na ƙyanda da hangum da rubella) da ciwon otizim, yara 12 ne kawai a ciki, an janye ta a 2010, amma har yau ana yawo da maganarta a WhatsApp.

Mujallun bogi kuwa sun cika gari, kuma mu nan suna cin kasuwa saboda matsin neman ƙarin girma. Alamarsu ba ta ɓuya: suna mai tsawo da ya haɗa famasi da injiniyanci da noma wuri ɗaya, alƙawarin bugawa cikin kwana biyar, lambar daraja da su suka ƙirƙiro wa kansu, turanci duk kuskure tun daga taken. Ki duba sunan a DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, ko a NLM Catalog na ɗakin karatun da ke riƙe da PubMed ki ga ko MEDLINE, ɓangaren PubMed da ake tantance mujallu kafin a sa su, ta karɓe ta. Ganin takarda a PubMed kaɗai ba shaida ba ce, wasu ta PubMed Central suke shigowa.

Bari in ɗan kauce, tunda na san abokan karatunki da yawa furojet ɗinsu a kan tsirrai ne, zogale, dogon yaro, tazargade da sauransu. Ba raina wannan aikin nake ba, artesunate ɗin da muke magana ai daga wani nau'in tazargade aka samo tushensa, artemisinin, kuma a kan gano shi Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma takardar da ta ce ruwan ganye kaza ya saukar da suga a ɓeraye shida ta nuna abu ɗaya ne kawai, cewa ya kamata a ci gaba da bincike. Tsakanin ɓera da mutum akwai tafiyar shekaru, kuma mafi yawan abin da ya yi aiki a ɓera ba ya kai wa ƙarshe. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta "an tabbatar yana maganin ciwon suga", a'a, ba a tabbatar ba.

Haka kuma kar ki ɗauka RCT ya gama faɗin komai. Gwaji yana bin mutane na ɗan lokaci ne, illar da ba ta cika faruwa ba ko mai zuwa a makare tana iya wuce shi. Bayan artesunate ya yaɗu ne aka fara samun rahotanni, da yawa daga asibitocin Turai a kan matafiyan da suka koma da maleriya, cewa wasu jajayen ƙwayoyin jininsu suna fashewa mako ɗaya zuwa uku bayan an ba su maganin. Daga ƙananan rahotannin majiyyata wannan ya fito, irin waɗanda a aji ake sa su a ƙasan jerin ƙarfin hujja. Bai sa an daina maganin ba domin amfaninsa ya rinjaya nesa, amma ya sa ana cewa a riƙa duba jinin majiyyaci bayan sallama, kuma wannan sashe ne da zai ƙara wa aikinki nauyi sosai. Tambayar "yana aiki?" gwajin ƙuri'a ke amsa ta, tambayar "me yake jawowa daga baya?" sau da yawa sai rahotannin da ma'aikata ke cikewa, irin fom ɗin NAFDAC da kowa ke ƙyuyar cikewa.

Ki duba kuma waye ya biya kuɗin binciken, yana can ƙarshen takarda da ƙananan baƙi. AQUAMAT Wellcome Trust ce ta ɗauki nauyinsa. Kuɗin kamfani ba ya nufin ƙarya ce, kusan duk sabon magani kamfani ne ke gwada shi, amma yana nufin ki ƙara buɗe ido, ki je wuraren rajistar gwaje-gwaje, ClinicalTrials.gov ko PACTR na Afirka ko duk inda suka ce sun yi rajista, ki ga abin da suka ce za su auna tun farko shi ne suka ba da rahotonsa ko sun sauya a hanya da suka ga bai fito yadda suke so ba. Ki ga kuma an rubuta amincewar kwamitin ɗa'a da yardar iyaye, mu da aka yi gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Na san za ki yi amfani da ChatGPT ko ɗan'uwansa, kowa yana yi. Don ya fayyace miki abin da ba ki gane ba babu laifi, amma kar ki karɓi jerin manazarta daga wurinsa, yana ƙirƙiro takarda da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske da shekara, kuma babu ita a duniya. Duk wadda ya ba ki ki nemo ta a PubMed ko ki sa lambar DOI ɗinta a doi.org, in ba ta buɗe ba ki goge. Sufabaiza in ya kama guda ɗaya ta bogi ba zai ƙara yarda da sauran ba.

Wajen aiki, ki sauke Zotero tun yau, kyauta ne, yana adana takardun kuma yana jera miki su a salon Vancouver ko duk wanda sashenku ke so. Ki buɗe tebur a Excel, kowace takarda layi ɗaya: shekara, ƙasa, irin binciken, mutum nawa, me aka kwatanta, me aka auna, sakamako da lambobinsa, sai rauninta a ganinki. Ki rubuta ranar da kika yi binciken da ainihin kalmomin da kika sa, za a tambaye ki a difens. In kina son jagora wajen tantancewa akwai takardun tambayoyi na CASP, kyauta, kowane irin bincike da nasa.

Abu na ƙarshe da zai iya kama ki: a gwajin 2.4 mg kan kowane kilo aka ba kowa, amma jagorar WHO ta 2015 ta ɗaga na yaran da ba su kai kilo 20 ba zuwa 3 mg kan kowane kilo, saboda binciken yadda magani ke tafiya a jiki ya nuna ƙananan yara ba sa samun isasshe a jini da wancan ma'aunin. In kika kwafo na 2010 kika rubuta shi a matsayin abin da ake yi yanzu, malamin kilinikal famasi zai tsayar da ke a nan. Ki buɗe sabuwar jagorar maleriya ta WHO da ta ma'aikatar lafiya ta tarayya ki ajiye su kusa da takardun, in kin cika teburin nan da kamar takardu goma ki turo in duba miki kafin ki kai wa sufabaiza.